Rayuwa a jirgin iska da gyaransa a tsibiran Kudancin Fasifik

Zaga teku a jirgin iska wata irin rayuwa ce da mutum ɗaya, ko miji da mata, ko iyali da 'ya'yansu suke mayar da ƙaramin jirgin ruwa ya zama gidansu, suna bin ƙasashe da tsibirai na tsawon watanni ko shekaru. Jirgin yana tafiya ne da ƙarfin iskar da ke bugun manyan yaduka da aka ɗaura a jikin wani dogon ginshiƙi da ake kira jigo, sannan akwai ƙaramin injin dizal na shiga tasha da fita da kuma cajin batir. Yawancin irin waɗannan jirage tsawonsu mita 10 zuwa 15 ne. Turawa suna kiransu yot, kalmar da ta samo asali daga yaren Holan, inda take nufin farauta, saboda tun farko suna ne na jirgi mai sauri da ake bin 'yan fashin teku da shi.

Masu wannan rayuwa suna zolayar kansu da cewa duk yawon nasu ba komai ba ne illa gyaran jirgi a wurare masu kyan gani. Zolayar tana da gaskiya a cikinta. Gishiri da rana da jijjigar ruwa suna cin kayan jirgi dare da rana, kuma a tsibiran da ke tsakiyar Fasifik babu kantin kayan gyara, sau da yawa ma babu makaniki. Wanda ke cikin jirgin shi ne direba, shi ne mai gyaran inji da wayoyin lantarki da famfo, shi ne tela, shi ne kuma mai dafa abinci.

Tarihi

Ana danganta farkon wannan al'ada ga Joshua Slocum, wani tsohon kyaftin haifaffen Nova Scotia a Kanada, wanda ya sake gina wani ruɓaɓɓen jirgin katako mai suna Spray da hannunsa. Ya tashi daga Boston a watan Afrilu na 1895, ya dawo Amurka a watan Yuni na 1898 bayan ya zaga duniya shi kaɗai, kuma shi ne mutum na farko da ya yi hakan. Littafin da ya rubuta a kan tafiyar ya fito a 1900. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Eric da Susan Hiscock 'yan Ingila sun zaga duniya daga 1952 zuwa 1955 a jirginsu Wanderer III mai tsawon kusan mita 9, rubuce-rubucensu kuma suka nuna wa mutane cewa miji da mata masu matsakaicin hali za su iya. Bafaranshe Bernard Moitessier ya shiga gasar zaga duniya ba tsayawa ta 1968, amma da ya kusa kammalawa sai ya fasa komawa Turai, ya zarce har Tahiti a 1969. Lin da Larry Pardey kuwa sun yi shekaru da dama suna yawo a ƙananan jiragen katako da ba su da inji ko kaɗan, bisa ra'ayin cewa abin da babu shi a jirgi ba zai lalace ba.

Abubuwa biyu suka buɗe ƙofa ga jama'a da yawa. Na farko shi ne fara ƙera gangar jirgi da zaren gilashi da aka haɗa da danƙo, wanda ya bazu daga shekarun 1960, ya rage farashi, ya kuma kawar da matsalar ruɓewar katako. Na biyu shi ne na'urar GPS, wadda ta hutar da matuƙi daga auna tsayin rana da taurari yana lissafi a takarda kafin ya san inda yake. A 1986 Jimmy Cornell ya kafa taron tsallaka Atlantika da ake kira ARC, wanda ke tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari kowace Nuwamba zuwa yankin Karibiyan, kuma ta nan ne da yawa suke fara sabawa da doguwar tafiya.

Hanyar Fasifik

Nisan teku da mil na ruwa ake auna shi, kowane mil ɗaya mita 1,852 ne. Jirgin da ya fito daga Atlantika yana ratsa mashigin Panama, ya yi kimanin mil 900 zuwa tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado. Daga nan sai zango mafi tsawo: kusan mil 3,000 zuwa tsibiran Markesas, wato fiye da kilomita 5,500, ya ninka tafiyar Kano zuwa Legas sau biyar, ba tare da ganin ƙasa ba. Jirgi matsakaici yana cin mil 120 zuwa 150 a kwana ɗaya, saboda haka zangon yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu. Iskar da ke busowa kusan kullum daga kudu maso gabas ita ke tura jirgin ta baya.

Daga Markesas ana gangarawa Tuamotu, sai Tahiti da Bora Bora, sai tsibiran Kuk ko Samowa, sai Tonga da Fiji. Markesas da Tuamotu da Tahiti duk suna ƙarƙashin Polinesiya ta Faransa. Jirgin da ya iso sabuwar ƙasa yana ɗaga tuta ruwan ɗorawa, alamar yana neman a tantance shi, sannan kyaftin ya kai takardun jirgi da fasfo wurin jami'an kwastan da na shige da fice. A Markesas ana yin haka a garin Atuona na tsibirin Hiva Oa ko a Taiohae na Nuku Hiva.

Zaman yau da kullum

A tsakiyar teku jirgi ba ya tsayawa da dare. Dokokin hana karo a teku na 1972 sun wajabta a sami mai sa ido a kowane lokaci, don haka ake raba gadi, yawanci awa uku ko huɗu kowa. Idan mutum biyu ne kawai, babu wanda zai yi barcin awa takwas a jere har a isa. Kwana biyu ko uku na farko su ne mafi wuya, ga jiri da amai, ga rashin barci, daga baya jiki ya saba.

Ba a riƙe sitiyari da hannu tsawon tafiyar. Akwai na'urar tuƙi mai aiki da lantarki, akwai kuma wadda ba ta shan wuta sam: wani siririn allo ne a bayan jirgi da iska ke kaɗawa, shi kuma ya motsa wani allon a cikin ruwa, ƙarfin ruwan ya juya jirgin ya dawo kan hanya. Idan duka biyun suka lalace, mutum biyu za su koma tuƙi da hannu dare da rana, kuma gajiyar da ke biyo baya ta fi lalacewar kanta haɗari, domin mutumin da bai yi barci ba shi ke yin kuskure.

Komai na cikin jirgi a ɗaure yake ko a kulle. Murhun girki yana rataye a kan ƙarfe mai lilo domin tukunya ta zauna daidai ko jirgi ya karkata, gadaje kuma suna da shingen yadi don kada mai barci ya faɗo. Wanda zai fita saman jirgi da dare yana ɗaura igiya daga rigar ceto zuwa jikin jirgin. Wanda ya faɗa ruwa cikin duhu alhali abokin tafiyarsa yana barci, da wuya a same shi.

Ruwa, wuta da abinci

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ba ya shayuwa. Jirage suna ɗaukar ruwan daɗi a tanki, suna tarar na sama, da yawa kuma suna da injin tace gishiri, wanda ke matsa ruwan teku da ƙarfi ƙwarai ta cikin wata siririyar fata, ruwan ya wuce, gishirin ya tsaya. Fatar tana da saurin lalacewa: idan aka bar ta kwanaki ba a ɗauraye ta da ruwan daɗi ba, ƙwayoyin halitta sukan yaɗu su toshe ta, sinadarin kilorin na ruwan famfo kuma yana ƙona ta. A Tuamotu wannan inji yana da muhimmanci na musamman, saboda babu kogi, mazauna wurin kansu da ruwan sama suka dogara, kuma ba daidai ba ne baƙo ya zo ya rage musu.

Wutar jirgi daga batura masu bolt 12 ko 24 take, ana caja su da farantan sola, da ƙaramar fankar iska, da injin jirgi. Firji da na'urar tuƙi su suka fi shan wuta. Wajen abinci, ana loda shinkafa, fulawa, wake, taliya da na gwangwani a Panama inda suke da arha. Albasa, dankali, kabewa da kabeji suna jure makonni. Ƙwai yana daɗewa idan ana juya shi kowane kwana biyu. Ana zubar da kwalaye tun a bakin tasha, domin kyankyasai suna yin ƙwai a cikinsu.

Kifin da aka kama a buɗaɗɗen teku, irin su tuna, ba shi da matsala sosai. Na cikin murjani ne abin tsoro, saboda gubar siguwatera, wadda ke fitowa daga wata ƙanƙanuwar halitta da aka raɗa wa suna daga tsibiran Gambiye na Polinesiya. Gubar tana taruwa a jikin manyan kifaye masu cin ƙanana, dafuwa ba ta kashe ta, ba ta kuma da wari ko ɗanɗano. Wanda ya ci yakan yi amai da gudawa da ƙaiƙayi, wani lokaci ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar wuta. Masunta na wurin su suka san wane kifi ake ci a wane gefe na tsibirinsu, kuma abin da ake ci a wannan tsibiri yana iya zama guba a na kusa da shi.

Abin da ke lalacewa

Jigo yana tsaye ne da ƙarfin wayoyin ƙarfe mara tsatsa da suka ɗaure shi gaba da baya da gefe biyu. Sunan ƙarfen yana yaudara, domin yana cin tsatsa a inda iska ba ta shiga kuma ruwan gishiri ya kwanta, wato daidai cikin mahaɗar da aka matse bakin waya, inda ido ba ya gani. Waya ɗaya ta tsinke, jigon yana iya faɗuwa gaba ɗaya. Shi ya sa kamfanonin inshora da yawa suke neman a sauya wayoyin bayan kimanin shekara goma, matuƙa kuma suke hawa saman jigo kafin kowace doguwar tafiya suna neman silin waya da ya fashe. Idan aka ga ɓaraka a tsakiyar teku, ana juya jirgi yadda nauyin iska zai bar wannan gefen, a ɗaura igiyar Dyneema ko guntun waya da maƙalai a madadin.

Yaduka da igiyoyi gugar juna ke cinye su. Igiyar da ke shafar ƙarfe a wuri ɗaya sau dubbai a rana tana iya tsinkewa cikin kwanaki. Rana kuma tana ƙona zaren ɗinki tun kafin yadin kansa ya tsufa, sai ɗinki ya warware. Don haka allura mai kauri da zare mai kakin zuma da ƙyallen faci ba sa rabuwa da jirgi.

Injin dizal yawanci ta hanyar mai ko ta hanyar sanyaya yake tsayawa. Idan ruwa ya shiga tankin mai, wasu ƙwayoyi suna rayuwa a tsakanin ruwan da man, su tara baƙin dauɗa a ƙasa. Ranar da teku ta yi tsanani, jijjiga ta tayar da dauɗar, ta toshe filta, injin ya mutu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, misali ana tsakiyar shiga mashigi. Bayan sauya filta kuma dole a fitar da iskar da ta shiga bututun mai, in ba haka ba injin ba zai tashi ba. Wajen sanyaya, wata ƙaramar fankar roba ce ke jawo ruwan teku, kuma idan ta yi 'yan mintuna tana juyawa a bushe fikafikanta sukan karye su shige cikin bututu, sai an bi an tsamo su ɗaya bayan ɗaya an ƙirga.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a ji ba a gani. Idan ƙarafa iri biyu suna haɗe a cikin ruwan gishiri, sun zama batir ke nan, ɗayan zai riƙa narkewa. Maganinta shi ne ɗaura dunƙulen tutiya a jikin farfela da sandarta, tutiyar ta narke a madadinsu, a sauya ta idan ta ci rabi. Irin wannan ne ke sa noti na ƙarfe ya manne a jikin jigon alminiyum har ya ƙi kuncewa. Wayoyin lantarki kuwa suna yin kore a mahaɗarsu, kuma yawancin na'urorin da ake cewa sun mutu, mahaɗar waya ce ta ci gishiri.

Gyara a inda babu kanti

Nuku Hiva tana da nisan kusan kilomita 1,400 daga Papeete, babban birnin Tahiti, inda kantunan kayan jirgi suke. Kaya masu nauyi suna zuwa ne ta jirgin dakon kaya, irin su Aranui da ke zagaya Markesas, ƙananan kuma ta jirgin sama. Abin da babu shi a Tahiti sai an yi odarsa daga Faransa ko Amurka, ya bi ta kwastan da takardar da ke nuna cewa na jirgi ne mai wucewa, don a yafe haraji. Wani ƙarfe da bai kai tafin hannu ba yana iya zaunar da jirgi wata guda, alhali kwanakin bizar mutanen cikinsa suna ƙarewa, lokacin guguwa kuma yana matsowa. Ga matsalar ma'auni: jirgin da aka ƙera a Amurka notinsa na inci ne, kantin Polinesiya kuma na milimita yake sayarwa. Haka bakin tukunyar gas ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Saboda haka ake cika lokokin jirgi da filtoci, fankokin roba, bel na inji, tiyo, maƙalai, fis, waya, danƙon epoksi da ke kamawa ko a cikin ruwa, da turakun katako masu tsini da ake ɗaure kowanne kusa da ramin da bututu ya ratsa gangar jirgi, don a buga shi nan take idan bututun ya karye. Amma ba mai iya ɗaukar safayar komai. Abin da ya fi amfani shi ne sanin yadda kowane abu yake aiki, da kuma shirya jirgi yadda lalacewar abu ɗaya ba za ta tsayar da tafiya ba: famfon hannu kusa da na lantarki, taswirar takarda kusa da ta kwamfuta, jarkokin ruwa ban da tanki.

Matuƙa suna taimakon juna ƙwarai. A wuraren da jirage suke taruwa ana yin sanarwar safe ta rediyo, wani ya ce yana neman sifana mai lamba kaza, wani ya ce yana da injin ɗinki, wani tsohon injiniya ne. Tun da intanet na tauraron ɗan'adam irin su Starlink ya shigo, ana iya sauke littafin inji ko nuna wa makaniki hoton ɓarnar daga tsakiyar teku, ko da yake hoto ba ya kawo ƙarfen da ya karye. Idan aikin na ƙasan jirgi ne, akwai wuraren fitar da jirgi kan tudu a Hiva Oa, da Apataki a Tuamotu, da Raiatea da Tahiti.

Tarihin wannan rayuwa cike yake da gyaran dole. A 1957 wani ƙaton raƙumin ruwa ya kifar da jirgin Tzu Hang na Miles da Beryl Smeeton a yamma da ƙarshen Kudancin Amurka, ya karya jigoginsa, ya ɓalle rufin ɗakin. Abokin tafiyarsu John Guzzwell kafinta ne. Suka kwashe ruwa da bokiti, suka toshe ramin da katakon cikin ɗaki, suka haɗa gajeren jigo, suka lallaɓa har gaɓar Chile. A 1968 kuma Robin Knox-Johnston ya nutsa ƙarƙashin jirginsa Suhaili a tsakiyar Atlantika ya toshe inda yake yoyo, bayan ya harbe wani kifin shak da ke zagaya shi, sannan ya ci gaba har ya kammala zaga duniya ba tsayawa cikin kwana 312.

Anka da murjani

Yawancin dare a kan anka ake kwana, ba a tasha ba. Ana sakin sarƙa mai tsawon ninki huɗu ko biyar na zurfin ruwa, domin jan ya zo wa ankar a kwance ta ƙara nutsewa cikin yashi. Tsibiran Markesas duwatsu ne masu tsayi da ba su da katangar murjani, saboda haka igiyar ruwa tana shigowa har inda jirage suke, ta yi ta kaɗa su, gyaran inji a irin wannan hali sai an dafe da hannu ɗaya.

Tuamotu akasin haka ne. Tsibirai ne fiye da 70 masu siffar zobe, ƙasarsu ba ta fi 'yan mitoci sama da ruwa ba, da tafki a tsakiya. Ba a hango su sai an matso, shi ya sa matuƙan da suka raɗa musu suna tsibirai masu haɗari. Ana shiga tafkin ta wata 'yar ƙofa inda ruwa ke gudu da ƙarfin da zai iya fin na injin jirgi, sai an jira lokacin da ya lafa. A ciki kuma ana tafiya ne idan rana ta ɗaga tana bayan matuƙi, mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske ba zurfi, ruwan ƙasa kuwa kan murjani ne. Sarƙar anka takan naɗe a jikin murjani, ta lalata shi, ta kuma maƙale har sai an yi nutso. Dabarar da aka samo ita ce ɗaura wa sarƙar balo-balo masu iyo don ta rataya sama da murjanin.

Mu'amala da mutanen tsibirai

A ƙauyukan Fiji, baƙon da ya saki anka yana fara kai wa sarkin ƙauye damin saiwar kava, a yi masa bikin karɓa da ake kira sebusebu, kwatankwacin yadda baƙo yake kai goro gaisuwa wurin mai gari. Sai an karɓa yake da izinin yawo da wanka da kamun kifi, domin ruwan gaban ƙauye ma mallakar ƙauyen ne. A Markesas kowace bishiyar mangwaro ko lemo tana da mai ita ko da a daji take, ana roƙo ne ko a yi musaya da igiya ko ƙugiyar kifi. Sau da yawa gyaran yana komawa ta ɗaya ɓangaren: matuƙi ya duba wa masunci injin kwalekwalensa, ko ya gyara wayar solar makaranta. Yawan jirage ya kuma jawo ƙorafi a kan shara da lalata murjani, har hukuma a Bora Bora ta taƙaita wuraren sakin anka.

Idan gyara ya gagara

Kowane jirgi yana ɗauke da kwalekwalen ceto mai hura kansa, da na'urar kiran agaji da ke aika sigina a mita 406 megahaz zuwa taurarin tsarin Cospas-Sarsat, ta faɗi sunan jirgi da inda yake. A tsakiyar Fasifik jirgi mai saukar ungulu ba ya kaiwa, ceto yakan zo ne daga jirgin dakon kaya ko na kamun kifi ko wani jirgin iska, bayan kwana ɗaya ko fiye. Kafin wannan na'ura jira ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. A watan Yuni na 1972 dabbobin teku da ake kira orka sun fasa jirgin Lucette na iyalin Dougal Robertson a yamma da Galapagos, mutum shida suka yi kwana 38 a kan ruwa kafin wani jirgin kamun kifi na Japan ya tsince su. A shekarar da ta biyo baya Maurice da Maralyn Bailey sun yi kwana 117 a yankin, jirgin Koriya ta Kudu ya cece su.

Lokacin guguwa

Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin mahaukaciyar guguwa ne a Kudancin Fasifik, kuma shi ke tsara kalandar tafiyar gaba ɗaya. Wasu suna barin jirginsu a Vuda ta Fiji, inda ake fitar da shi a zura ƙasansa cikin rami a ɗaure. Mafi yawa suna yin tafiyar mil 1,000 da 'yan kai zuwa Niyu Zilan, su shiga ta Opua, su wuce Whangarei inda masu walda da telolin yadi da masu gyaran jigo suke. Tun 2018 ƙasar ta wajabta jirgi ya iso da ƙasansa a wanke, ba tare da ciyayi ko katantanwar wata teku ba, don haka aikin ƙarshe kafin a bar Tonga ko Fiji shi ne nutso da abin kankara. A can ake buɗe littafin da aka riƙa rubuta duk abin da aka ɗaure da igiya ko aka liƙe da danƙo tun daga Panama, a bi shi layi layi kafin watan Mayu, lokacin da jirage suke sake komawa tsibirai.